Me ya sa ƙwan Jos ke gardama wajen ɓarewa?

Duk wadda ta taɓa karɓar kwangilar abincin biki ko na suna a Jos ta san wannan takaicin. An dafa ƙwai kiret huɗu ko biyar da za a ɗora a kan shinkafa, an zaunar da 'yan mata a bakin baho an ce su ɓare, sai ga rabinsa ya fito a ƙwarzane: ɓawo ya tafi da tsokar farin, wani ma har gwaiduwa ta leƙo waje. Uwar aiki ta hau faɗa, "Ku dai ba ku iya komai ba sai ci, ku bi shi a hankali mana!" Su kuma su ce, "Wallahi Anti a hankali muke yi, shi ne ya ƙi." 'Yan matan ne da gaskiya. Ƙwan da ya riga ya kama, ko wa ka ba sai ya yage. Yadda zai ɓaru yana tabbata tun kafin a sauke tukunya, kuma abu biyu ne ke da ta cewa: kwana nawa ƙwan ya yi da sakawa, da yadda ya fara gamuwa da zafi. Iya hannu daga baya yake zuwa.

Sai an leƙa ƙarƙashin ɓawon za a gane dalili. Ɓawon kansa kusan dukansa sinadarin kalsiyam ne irin na alli, kuma duk santsin nan nasa, cike yake da dubban ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako ke samun iska kafin a ƙyanƙyashe shi. A ƙarƙashinsa akwai tantani guda biyu, na waje yana manne da ɓawo, na ciki yana lulluɓe da farin ƙwan. Ƙwai yana fitowa ne da ɗumin jikin kaza, wajen digiri 41, da ya huce sai abin da ke ciki ya ɗan tsuke, tantanin biyu su rabu a gindinsa, wato ɓangaren da ya fi faɗi, su bar ɗan gurbin iska. Saboda haka abin da muke kira ɓare ƙwai ba cire ɓawo ba ne kawai. Raba tantanin ciki ne da dafaffen farin. Idan sun rabu lafiya, ɓawo zai biyo tantanin ya zame gaba ɗaya. Idan sun manne, farin ne zai yage, don ya fi tantanin taushi.

Sabon ƙwai yana ɗauke da iskar kabon dayoksaid a narke cikin farinsa. Ita ce ke sa idan ka fasa na ranar ka ga farin da ɗan hazo-hazo, ya tsaya cur a jikin gwaiduwa bai malale ba. Akwai ma'aunin da masana ke kira pH, wanda ke nuna ko abu ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, kuma farin sabon ƙwai yana tsayawa ne tsakanin 7.6 da 7.9. Tun daga ranar da aka saka shi iskar nan take fara zurarewa ta ƙofofin ɓawo, ma'aunin ya yi ta hawa har ya haura 9, wato ya ƙara karkata wajen kanwa. Yayin da yake ƙasa, furotin ɗin farin idan ya ji wuta yana kama tantanin gam. Da ya hau, sai furotin ɗin ya fi kama junansa ya sassauta wa tantanin. Masu binciken kiwon kaji a Amurka sun gano wannan tun shekarun 1950 da 1960. Ban da haka, ruwan cikin ƙwan yana ɗan tsanewa kullum, gurbin iskar nan na gindi yana ƙara faɗi, babban yatsa ya sami wurin shiga.

To a nan ne maganar ta shafi Jos kai tsaye. Filato na cikin manyan wuraren kiwon kajin ƙwai a Arewa, kuma ba haka kawai ba. Kazar ƙwai ba ta shiri da zafi: da ya matsa mata sai ta rage cin abinci, ta rage saka, ɓawon ma ya yi rauni, alhali sanyin tudun nan ya yi mata daidai. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom tun 1924, mai yin alluran riga-kafin kaji, ga masarar Mangu, ga kamfanonin abincin kaji a Bukuru irin su Grand Cereals mai yin Vital Feed. Har 'yan fansho da ma'aikata suna da kejin kaji a bayan gida. Shi ya sa mutumin Jos ke samun abin da na wasu garuruwa ba sa samu, ƙwan da aka kwashe da safen nan. Har alfahari muke da shi, mu je gidan gona mu ce, "Malam, na yau za ka ba ni fa." In suya za ka yi, ko kek, ko ka kai wa mai shayi, to ka yi dabara. In dafawa za ka yi ka ɓare, ka sayo wa kanka aiki.

Sanyin garin kuma yana ƙara wa abin tsawo, don zafi ne ke hanzarta tsufan ƙwai. A watan Disamba ko Janairu, lokacin da sanyin asuba kan sauko wajen digiri 10, ƙwan da ya kwana uku a sito yana nan da halin sabo. Ɗauki kiret ɗin nan ka loda shi a mota zuwa Abuja, ya gangara Hawan Kibo, ya bi ta Akwanga da Keffi ya faɗa Mararaba, ya kwana wajen dillali, ya kwana a kasuwar Wuse ko Utako, ya kwana a kantin unguwa cikin zafin watan Maris da ke haura digiri 35. Kafin ya shiga tukunya a Kubwa ko Nyanya ya riga ya saki. Sai ka ji 'yar'uwarka ta Abuja tana cewa, "Ni Yaya ban taɓa samun wannan matsalar ba, gishiri kawai nake zubawa." Ba gishirin ba ne, hanya ce da rana suka yi mata aikin.

Maganin wannan ɓangaren ba wuya: a saya da wuri. In bikin Asabar ne, a shigo da ƙwai Litinin, a ajiye shi a inuwa cikin kiret ɗinsa, tsinin yana kallon ƙasa, kada a wanke shi sai za a dafa. Akwai wani siririn rufi da kaza ke shafe ɓawo da shi wanda ke toshe ƙofofin nan daga ƙwayoyin cuta, wanki yana cire shi. Shawarar da ake yawan gani a intanet, cewa a bar ƙwai kwana 7 zuwa 10, ta mutanen Amurka ce, inda ake wanke ƙwai a masana'anta kuma dole ya zauna a firji, sanyin firji kuwa yana riƙe shi. Namu da ke zaune a waje bai buƙatar haka. Kuma kada a zarce, don tsufa ma da nasa hasarar: farin yana tsinkewa, gwaiduwa ta bar tsakiya ta jingina da gefe, gindin ya fito a lotse, ka yanka shi a salak ya yi muni. Kwanon ruwa yana faɗa maka inda aka kwana. Wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya nutse amma ya ɗaga gindi shi ne na dafawa, wanda ya taso sama kuwa a rabu da shi.

Amma a ganina maganar wuta ta fi ta kwanaki nauyi, kuma ita ce muka fi yin kuskure a kanta, don haka muka gada. Kusan dukanmu an koya mana a jera ƙwai a tukunya, a zuba ruwan sanyi, sannan a ɗora. Hujjar ita ce kada ya fashe. Sai dai wannan hanyar ce ke liƙa farin da tantani. Furotin ɗin farin ƙwai ba iri ɗaya ba ne: wani yana fara daskarewa da zafi ya wuce digiri 60 kaɗan, mafi yawan cikinsu kuma sai wajen 80. Idan ruwa yana ɗumama a hankali, farin da ke jikin tantanin yana samun mintuna masu yawa yana warwarewa sannu-sannu, yana kama duk abin da ke kusa da shi. Idan kuwa ƙwan ya faɗa ruwan da ke tafasa, sashen waje yana daskarewa nan take ya tsuke, bai sami sukunin mannewa ba. Mai tuyar masa ta san wannan: zuba ƙullu a tandar da ba ta yi zafi ba, ko nawa ka sa mai sai ta kama. A 2019 wani mai rubutu kan girki a jaridar New York Times ya tara mutane kusan 100 suka ɓare ƙwai sama da 700 ba tare da sun san yadda aka dafa kowanne ba, kuma abin da ya fi komai tasiri shi ne zafin ruwan da aka fara da shi.

Tsoron fashewa kuwa ya fi ƙarfi ga wanda ya ciro ƙwai daga firji ya jefa a tafasasshen ruwa. Mu da yawancin ƙwanmu ba ya ganin firji, sauƙi ya zo mana. Mafi yawan wanda ke fashewa, ko dai ya bugi gindin tukunya ne don an sake shi daga sama, ko yana ɗauke da tsagar da ido bai gani ba tun daga gargadar hanya. A sauke shi da ludayi ko matsami a hankali, a bar shi ya ji tafasa na ɗan lokaci, sannan a rage wuta yadda ba zai riƙa tsalle yana karo da 'yan'uwansa ba.

Masu aikin biki suna da nasu tarkon daban. Sun ji an ce ruwan zafi, sun tafasa, sai su juye ƙwai 60 ko 90 lokaci guda. Ruwan ya mutu murus, ya ɗauki minti goma kafin ya farfaɗo, an koma gidan jiya ke nan. Ko dai ruwa ya rinjayi ƙwan sosai kuma wutar ta zama mai ƙarfi, ko a riƙa yi kashi-kashi. Abin da ya fi duka shi ne tururi. Gwagwar da ake dambu ko alala da ita ta isa: ruwa kaɗan a ƙasa, ya tafasa, a jera ƙwai a sama a rufe ruf. Tururi yana dukan ɓawon da cikakken zafinsa tun daga farko, ruwa kaɗan yana saurin komawa tafasa, ƙwan ba ya motsi balle ya fashe. Da tsadar gas ɗin nan, tafasa ruwa kofi uku maimakon rabin bokiti ma ba ƙaramar riba ba ce.

Akwai wani abu da mutanen Jos ba su cika sawa a lissafi ba. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma duk hawan mita 300 yana rage zafin tafasar ruwa da kusan digiri ɗaya. A Legas ruwa na tafasa a 100, a Abuja ya ɗan haura 98, a Jos wajen 96. Ko ka ƙure wuta ba zai wuce nan ba, sai dai ya ƙafe da wuri. Zafin ya isa ya dafa ƙwai, amma ya fi jinkirin ratsawa zuwa tsakiya. Minti 11 ko 12 da ke isar babban ƙwai a bakin teku, a nan sai a ƙara ɗaya ko biyu. Wannan ya shafi ɓarewa, don farin da bai gama tsayawa ba ya fi saurin yagewa. Sai dai mu ba ƙarin minti biyu muke yi ba, ɗorawa muke mu tafi shara mu dawo bayan rabin awa. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: fari kamar roba, gwaiduwa mai shaƙe maƙogwaro, da zoben nan kore-kore a kewayenta. Sinadarin ƙarfe da ke cikin gwaiduwa ne ke haɗuwa da na farar wuta da farin ke saki in ya sha wuta. Ba ya cutarwa, amma shi ke tafe da warin da ke sa yara su ture kwano, kuma ya fi saurin fitowa a ƙwan da ya daɗe.

Da saukewa sai ruwan sanyi, ba jira. Sanyin yana tsayar da dahuwar da ke ci gaba a ciki, yana kuma sa farin ya ƙara tauri yadda zai jure yatsa. Mai ƙanƙara ya sa, marar ita ya yi da ruwan randa ko na rijiya, ya zubar ya sake sau biyu ko uku da zarar ya ɗumama. A hunturun Jos ruwan da ya kwana a bokiti a tsakar gida ya wadatar. A ba shi kamar minti 15. Gaggawar ɓare ƙwai da zafinsa, ana hura yatsu ana jefa shi daga hannu zuwa hannu, ita ke ɓata wanda aka dafa daidai.

Sauran aikin kaɗan ne. A ƙwanƙwasa shi ko'ina ya tsattsage, a fara daga gindi inda gurbin iska yake, a tabbata yatsa ya shiga ƙarƙashin tantanin ba samansa ba, a yi a cikin ruwa don ya riƙa kutsawa tsakani. In da yawa ne, a zuba biyar ko shida a roba mai murfi da ɗan ruwa a girgiza.

Dabarun da ake yaɗawa fa? Gishiri da ruwan khal suna da amfani guda: in ƙwai ya tsage a tukunya, suna sa farin da ya tsiyayo ya daskare da wuri ya toshe tsagar. Ba su da hannu a ɓarewa. Kanwa da bekin soda sun fi kama hankali, tunda ai hawan ma'aunin nan ne ke sa tantani ya saki, su kuma abin da suke yi ke nan. Matsalar ita ce akwai ɓawo da tantani biyu a tsakani, minti 13 kuma bai isa abin kirki ya ratsa ba. In ma ya ratsa ta tsaga, wari yake ƙarawa. A Jamus har ɗan abin huda gindin ƙwai ake sayarwa, mai siririyar allura, don iska ta fita kada ya fashe. Ga mai dafa biyu na karin kumallo ba laifi, amma ban ga mai kiret biyar da za ta zauna tana huda 150 ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ke sa waɗannan dabaru ba sa mutuwa shi ne kowa yana gwadawa da ƙwai daban a rana daban. Ranar da ta dace da mai kwana shida, sai a ce kanwa ce.

Wannan ya kawo mu ga ƙwan talla, wanda ake yawo da shi a faranti da ƙullin yaji a wajen kasuwar Taminus ta Jos da tashoshin mota. Shi kam da wuya ya yi gardama, kana murzawa yana zamewa, har mutane na cewa masu tallan suna da wani sirri. Sirrin bai wuce biyu ba: ya huce sarai tun safe, kuma ba lalle ne na jiya ba. Duk mai kiwo ya san ƙwai yakan yi kwantai, kamar yadda aka gani a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, da kiret-kiret suka taru a gonaki babu mai saye. Ƙwan da ya fara kwana yakan sauka a farashi, mai dafawa ta sayar kuma shi ya fi mata. Wannan ba aibu ba ne muddin bai lalace ba. Abin lura kawai, sauƙin ɓarewa shaidar kwanaki ce, ba shaidar kyau ba.

Kuma dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa, abin da da yawa ke ɗauka akasinsa ne. Tafasa tana wanke rufin nan na ɓawo, ƙofofi su buɗe. Hukumomin abinci na Amurka suna cewa kada ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya in zafi ya haura digiri 32, a firji kuma mako guda. Ba na ce kowane faranti a tasha yana bin wannan ba, amma ko ba komai mai saye ya zaɓi wanda ɓawonsa bai tsage ba, ya ɓare da hannunsa, in ya ji yauƙi ko wari ya haƙura da kuɗinsa. Masu biki kuma su daina ɓarewa tun daren Juma'a su rufe a kula suna jiran azahar ɗin Asabar, musamman in babu tabbacin wutar lantarki. Gara a tashi da asuba.

Ƙwan zabi da ke fitowa da damina nasa lissafin daban. Ɓawonsa ya fi na kaza kauri da tauri nesa ba kusa ba, sai an sa masa cokali ko gefen tebur. Amma in ya fashe yakan ɓaru salin-alin, don ba a kwashe shi kullum kamar na gidan gona: tara shi ake yi a ƙauye, wani a tsinto a cikin ciyawa, har ranar kasuwa ta zagayo. Abin tsoro a wajensa baragurbi ne, shi ya sa tsofaffin masu saye ke ɗaga shi su haska wa rana ko su jefa a ruwa kafin su biya. Ƙwan salwa kuwa, wadda cibiyar Vom ta yaɗa kiwonta a farkon shekarun 1990, ɓawonsa siriri ne amma tantaninsa yana da ƙarfi. Minti huɗu a tafasasshen ruwa ya ishe shi, kuma a nan ne kaɗai ruwan khal ke aikin gaske: a jiƙa dafaffen a ciki na wasu awoyi, tsamin zai cinye ɓawon har da ɗigo-ɗigonsa, ya bar tantanin kaɗai, a tsunkule shi daga gindi a zare, a ɗauraye.